Laraba da Gem ɗin Afra'u

Laraba 'yar Unguwar Gai ce, aure ya kawo ta Zurgu, gidan Malam Alu manomin dawa da albasa. Sana'arta matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, tun tana budurwa a hannun kakarta ta koya, kuma har daga cikin Rano ake aiko mata da galan.

Haihuwa biyar ta yi, uku suka rayu. Autar, Afra'u, ta cika shekara huɗu ba ta taɓa haɗa kalma biyu ba. A kira ta ba ta waiwayo sai an dafa ta. Wasu suka ce miskilanci ne, wasu suka ce nauyin baki ne, ai a dangin Malam ma an taɓa yin wanda sai da ya shekara biyar ya fara magana. An sha rubutu, an yi tofi. Laraba takan ce "Allah ya sa", amma ko gyaɗa take juyawa a kasko, idonta na kan yarinyar.

Ƙanen Laraba, Nasir, direba ne, yana jigila tsakanin Kibiya, Rano da Kano. Wata Juma'a ya biyo da tsaraba: 'yar na'ura ruwan ɗorawa, ba ta fi tafin hannu ba, da gilashi a tsakiya. In an danna maɓalli sai kaji ko mangwaro su fito, wata murya ta faɗi lamba ko harafi da Turanci, yaro ya zaɓa. In ya dace sai a yi masa tafi.

"Yaya, gem ne, amma na karatu," in ji Nasir. "Da shi 'ya'yan birni suke koyon ƙirga tun ba a kai su makaranta ba."

"Wadda ko Hausar ba ta kama ba, ita ce za ta yi Turanci?"

"Ke dai ki bar mata."

Afra'u ta karɓa hannu bibbiyu. Kafin sati biyu ta gane kansa, tafi kawai ake ji yana tashi daga gindin turmi inda take zama. Sai damuwar Laraba ta sake kama. Yarinya ta daina bin yara, tuwo sai an ɗura mata. Malam ya ce abin nan zai kashe mata ido. Laraba ta ɓoye shi a cikin kwalla, Afra'u ta wuni tana birgima har aka fito da shi. Ran nan kuma aka ji ta ce "tu", ta ce "tiri". Laraba ta rasa murna za ta yi ko kuka: shekara huɗu tana yi mata magana, sai ga roba ta buɗe mata baki.

Wata hantsi tana tsaka da matsa, hannu duk mai, ta tsaya ta zuba wa yarinyar ido. Afra'u za ta danna, ta kalli gilashi, sai ta yi maza ta manna na'urar a kunnen hagu, sannan leɓenta ya motsa. Ta sake dannawa, ta sake kaiwa hagu. Ko sau ɗaya ba ta kai dama ba.

Laraba ta goge hannu, ta ɗauki murfin tukunya da ludayi, ta zagaya ta bayanta. Ta buga ta ɓangaren dama. Kaji suka watse, Afra'u ko gezau. Ta koma hagu ta buga dab da ita, sai ta waiwayo a hankali. Nan Laraba ta zauna a ƙasa. Ta tuna zazzaɓin da yarinyar ta yi kafin yaye, kunnuwa suna ta ruwa, aka sayo magani a kemis, da ya bushe kowa ya manta.

Da Malam ya dawo daga gona ta gaya masa. Sai ya ce:

"Kada ki ja mata suna a gari, a riƙa ce mata kurma."

"Malam, ko mun yi shiru ba ji za ta yi ba. Ka bar ni in kai ta."

Malam ya yarda. Ranar Litinin Nasir ya kai su asibiti a Kano. Duk hanya Laraba tana rungume da ita, salati kawai take yi. Likitar, wata mace mai haƙuri, ta daɗe tana gwaji, sannan ta ce kunnen dama kusan babu, na hagu yana ji in sauti ya yi ƙarfi kuma ya matso. Ƙwaƙwalwa lafiya lau.

"Wa ya lura da wannan?"

"Ni ce, likita. A wajen wasanta na gani."

"Kin kyauta da ba ki ƙara jira ba. Ku dawo bayan wata ɗaya a auna mata abin sawa a kunne. Kafin nan ki riƙa yi mata magana ta hagu, a hankali, tana kallon bakinki."

Yanzu Laraba ta sauya wa kaskonta wuri don yarinyar ta riƙa zama a damanta. Gem ɗin sai bayan la'asar ake ba ta, su danna tare, in kaza ta fito Laraba ta sunkuya ta ce "kaza". Kalmomin Afra'u sun kai bakwai. Ko abin kunnen zai karɓe ta, Laraba ba ta sani ba. Baɗi sa'o'in yarinyar za su shiga firamare, har Laraba ta je ta roƙi hedimasta a ajiye mata ita a layin gaba. Ya ce ta bari lokacin ya yi.