Ƙaiƙayin Kofur

Mijina Ayuba makanike ne, kuma duk direban gwamnati da ya yi aiki a Sakkwato zamanin mulkin soja ya san hannunsa. Mutum ne da zai kasa kunne ga inji ya faɗa maka ciwonsa tun ba a buɗe bonet ba. Amma kawo masa maganar gidansa, sai ka rantse aron kunnen yake yi idan zai tafi aiki. Shekara talatin da ɗaya na zauna da shi, na san abin da nake faɗa.

Daga kudancin Zariya muka zo, 'yarmu Dorcas tana goye, muka kama ɗaki biyu a gidan hayar Alhaji Sodangi da ke unguwar Gidan Dare. Ayuba ya tashi a gidan da ba a ganin burodi sai ranar Kirsimeti, shi ma guda ɗaya ake yayyanka wa yara bakwai. Abin nan ya tsaya masa a rai har ya girma. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa aka ƙara wa ma'aikata albashi, wasu suka sayi rediyo mai kaset, wasu suka sayi firji tun ba a ja musu wuta ba. Shi Ayuba ya sayi Vespa, sannan ya kafa doka cewa duk mai rai a gidansa da burodi da shayi mai madarar gwangwani zai karya kumallo. Ni na ɗauka mutane yake nufi.

Wata Asabar ya dawo daga gareji da ɗan kwikwiyo a cikin kwalin batir, wai a ƙarƙashin tifa ya tsince shi. Ya sa masa suna Kofur, a lokacin da kofur na gaske ke iya sa babban mutum tsallen kwaɗo a bakin titi. Na ce, "Baban Dorcas, gidan haya muke, gidan Musulmi, ina za mu kai kare?" Ya ce Alhaji ya yarda, muddin karen bai kusanci randa da buta ba. Daga ranar, kowace safiya sai ya zauna a kan benci, ya tsoma burodi cikin shayi, ya ci loma ɗaya ya ba Kofur ɗaya. Haka za su yi ta yi har kofi ya ƙare, yana ba karen labarin kafireto.

Kofur na cika shekara ya fara susa. Ya sosa da ƙafa, ya sosa da haƙori, ya bi bango yana goga jiki tun daga zaure har bakin rijiya. Gashi ya zube, fata ta yi ja, kunnuwa suka fara wari. Matan gidan suka riƙa janye 'ya'yansu, suna rufe randuna da faifai har da ɗora dutse. Ban ga laifinsu ba, don ni ma ƙyanƙyami nake ji.

Maganin farko na Ayuba, me kuke tsammani daga makanike? Baƙin mai. Ya kawo galan guda da aka juye daga cikin Landirova, ya shafe karen tas, wai haka ake yi wa ƙazwa a garinsu. Kofur ya girgije, ya bi bangon da Alhaji ya yi wa farar ƙasa saboda Sallah, ya zana masa baƙin layi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kwana biyu na yi ina goge bango da tsumma, mai karen kuwa yana can wurin aiki abinsa.

Ranar ce Alhaji Sodangi ya kira shi zaure. Mutum ne mai kawaici, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Ayuba, ban da matsala da kai, Allah na gani. Amma mutanen gidan ga sun kawo man kuka. Wata biyu nib ba ka. In karen ga ya warke, shi zamna. In bai warke ba, ko shi hita ko ku hita tare." Ayuba ya shigo ɗaki ya ce mini ai magana ta yi sauƙi, wata biyu da yawa. Na dube shi kawai, don na san in aka zo zaɓe tsakanin ɗaki da kare, ba lallai ɗaki ya ci ba.

Sai muka shiga neman likita. Na ce muka, don ni ke zama a bayan Vespa rungume da kare cikin buhu, yana susa yana shurina, jama'ar gari suna nuna mu da baki. Asibitin dabbobin da muka fara zuwa cike yake da shanu da jakuna, har da raƙumi guda a durƙushe. Da muka sauke buhu kan Kofur ya leƙo, sai layin ya dare gida biyu. Malamin dabbobin bai ko fito ba. Ta taga ya leƙo, ya ce azahar ta kusa kuma yana da alwala, a juya masa karen ya gani daga nan. Ayuba ya juya shi dama, ya juya shi hagu, kamar mai tallan rago. Malam ya ce kaska ce, ya miƙo kwalbar ruwan maganin da ake wanke shanu da shi, ya rufe taga. Bai faɗi yawan ruwan da za a sirka ba, Ayuba kuma bai tambaya ba, don a ganinsa magani in bai yi ƙarfi ba ba magani ba ne. Ragowar gashin da baƙin mai ya bari, wannan ya kwashe.

Na biyu wani matashin likita ne da ya gama karatu kwanan nan, da farar riga da takalmi mai tsini. Ayuba ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Shi dai wannan ya taɓa karen, na yaba masa, ko da yake sai da ya sa safar hannu biyu. Ya yi Turanci mai yawa, ya rubuta sunan wani abincin karnuka na gwangwani da ake kawowa daga Ingila, ya ce mu je babban kanti. Mai kanti ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce jirgin da ya ɗauko kayan yana tsaye a teku bakin Ikko tun bara, yana jiran layi bayan jiragen siminti. Muka dawo gida da takarda, kare yana susa, an ci wata guda cif.

Delu, maƙwabciyarmu mai dama fura, ita ta cece mu, kuma ba don son Kofur ba, don randarta. Ta tare ni bakin rijiya ta ce, "Maman Dorcas, ku daina yawo ga masu karatu. Wana Mode na nan Wamakko, mahalbi na, karnuka tara gare shi. Ku kai mishi shi gani."

Mode ɗan tsamurmurin tsoho ne, muka same shi ƙarƙashin ƙirya yana gyaran tarko. Bai jira an juya masa kare ba. Ya durƙusa, ya buɗe bakin Kofur, ya shinshina kunne, ya mutsuttsuka fata, ya duba har tsakanin yatsu. Sannan ya yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi mana.

"Mi kaka ba shi shi ci?"

Ayuba ya gyara tsayuwa, da alfahari ya ce, "Burodi da shayi, Baba. Da madara. Abin da nake ci shi yake ci."

Mode ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Ke ɗiyata, gaskiya shika hwaɗi?" Na ce wallahi kuwa, har da sukari. Tsohon ya tafa hannu. "Kayya! Wanga ba ƙazwa ta ba, ba kaska ta ba. Irin borin jini na, jikinai ba ya son abin da kaka ɗura mishi. Kare ba akawu na ba. Tahi kwata ka samo tumbi da huhu da ƙashi mai guringuntsi, ka ba shi ɗanye. Kak ka dahwa, kak ka sa gishiri. Burodin ga ko ƙanshinai kas shi ji."

Wa ya tafi kwata? Ni. Kullum da safe ina cikin ƙuda da jini da kwano a hannu, mahauta suna tsokanata, "Matar Kofur ta iso, a ba ta na maigida!" Na haɗiye, don ɗakina nake karewa. Kuma abin haushi, maganar tsohon ta tabbata. Cikin mako biyu susa ta ragu, jan ya dushe, wani laushin gashi ya fara tsirowa a gadon baya. Delu ta sauke dutse daga kan randa. Alhaji da kansa ya tsaya daga nesa ya duba, ya ce madalla.

Saura kwana tara wa'adi ya cika, sai na ji ƙarar da na sani, ƙafa tana dukan ƙasa. Kofur ya koma susa, kunnuwa sun yi jawur. Ayuba ya ce tsohon nan ma bai san komai ba. Ni kuwa jikina ya ba ni. Washegari na ɗauki kwano kamar zan tafi kwata, na kai zaure na juyo. Ga mijina tsugune bayan ɗakin girki, babban mutum mai gemu, yana ciro burodi daga aljihun kakinsa yana tsomawa a kofi.

Ranar na yi faɗan da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baban Dorcas, ni na goge bango, ni na rungumi buhu, ni mahauta ke yi wa waƙa, ashe kai kana bayan ɗaki kana warware mini aiki! Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho!" Bai musa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kallona yake yi, Naomi. Ina ci yana kallona. Na san yadda ake ji in ana cin burodi kana kallo." Haushi ya cika ni, tausayi kuma ya hana ni ƙarasawa.

Kwana tara ba su isa fata ta sake warkewa ba. Ranar da wa'adi ya cika, Alhaji sallama kawai ya yi a zaure ya tsaya. Mode ya yarda ya riƙe karen har ya warke, Alhaji kuma ya ce in ya dawo lafiya ƙofa a buɗe take. Wata uku Ayuba yana shan shayinsa a tsaye, cikin sauri, ba ya ko zama kan benci.

Da damina ta ɗauke muka koma Wamakko ɗauko shi, Ayuba da sabuwar igiya a aljihu. Da ƙyar na gane Kofur. Gashi ya cika yana sheƙi, ƙirji ya buɗe, ba tabo ko ɗaya. Ya rugo ya yi tsalle a jikin Ayuba, ya lashe masa hannu, mijina yana dariya yana share ido da hula. Ana cikin haka sauran karnukan suka zabura suka nufi fadama bin zomo, Kofur ya bi su a guje, ya dawo yana haki, ya sake komawa.

Mode ya ce, "Ga karenka nan, Malam Ayuba, ya warke sarai. Ɗauki abinka. Amma ka san sharaɗi."

Ayuba ya ciro igiyar, ya warware ta, ya daɗe yana kallon fadama. Sannan ya naɗe ta ya miƙa wa Mode.

"Bar shi nan, Baba. Na san kaina. Ba zan iya ba."

Ni da na yi shekara ina addu'ar Ubangiji ya raba ni da karen nan, sai ga ni ina cewa, "Haba Baban Dorcas, ni zan riƙa sa maka ido." Ya girgiza kai ya tada Vespa. Mun yi nisa a hanyar Sakkwato, sai can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Duk likitocin nan da muka bi, ashe ni ne ciwonsa."

Na so in ce ai tun tuni na faɗa, maganar tana kan harshena. Ban faɗa ba. Na ƙara riƙe rigarsa, na ce ya rage gudu akwai rami a gaba.