Yafiyar da Na Yi Gaggawar Nema

Fiye da shekara ashirin ban rubuta wannan labari ba, alhali rubutu ne sana'ata. Yau dai ga shi.

A ƙarshen shekarun 1990, ina jami'in yaɗa labarai a Gumel, na ji ƙullutu mai tauri a ɗan marainana na dama. Ba ya ciwo. Wanzaminmu ya ce gwaiwa ce, ya ba ni jiƙo. Ina sha, abu yana girma.

Bulus, abokin aikina ɗan Filato, shi ya sa ni a mota zuwa babban asibiti a Kano. Aka yi hoto, aka yi tiyata aka cire. Ciwon daji ne.

Bayan tiyata aka ɗebi jinina don auna wasu alamomi uku da irin wannan ciwo ke bari a jini. Lokacin ba a wuri ɗaya ake gwada su ba. Aka ce in koma gida, in dawo idan sakamako ya cika.

Takarda ɗaya ta riga sauran isowa, ta hannun wani direban motar Maigatari. Na buɗe. Abin da ya kamata a ce kusan babu shi, nawa ya ninka sau ɗaruruwa. Na duba wani tsohon littafin likitanci da nake da shi, na yanke wa kaina hukunci.

Washegari na fara zagayen neman yafiya kamar mai tafiya Hajji. Na je Gagarawa wajen Inna, na je Sule Tankarkar wajen surukaina. Ranar kasuwar Maigatari na nemo wani dillalin raƙuma da na taɓa rubuta mummunan labari a kansa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Na yafe duniya da lahira. Amma ɗan'uwa, kai wane ne?"

Na dawo na shaida wa matata Binta ba zan koma Kano ba, gara in cika a ɗakina.

"Malam, takardu uku aka ce. Ɗaya ka gani."

"Na iya karatu, Binta."

"To ka bari ka cika bayan Litinin." Ta aika aka kira Bulus ya mayar da ni asibitin Kano.

Ran Litinin likita ya jera takardun uku a tebur, ya dube ni ta saman tabarau.

"An ce kai ɗan jarida ne. Kana buga labari da majiya ɗaya?"

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta firgita ni ta hau, gaskiya ne, amma ba ta kai iyakar da ke tayar musu da hankali ba. Sauran biyun suna ƙasa. Hoto ya nuna ciwon ya taɓa kaluluwar ciki, bai kai hanta ko ƙashi ba.

"Idan aka haɗa su, kana cikin rukunin da magani ya fi yi wa aiki. Da biyun nan sun hau tare da ita, da wata maganar nake yi maka. Ita wannan alamar ma, ita ake aunawa a gane mace na da juna biyu."

Bulus ya yi dariya har nas ta kore shi. Daga baranda yake ɗaga murya, "Oga, Allah ya sauke ka lafiya! Yaushe suna?"

Rabona da dariya wata biyu ke nan.

Maganin bai zo da sauƙi ba. Zagaye uku, kowanne kwana biyar ana ɗura min ta jijiya. Amai, baki ya yi gyambo, gashi ya zube har gira. Gonar gerona ta tafi a sayen allurai. Amma duk gwaji, alamomin suna sauka, har ranar da likita ya ce sun koma daidai. Binta ta zauna daɓas a ƙasa. Ran nan ne kawai na ga hawayenta.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Binta da Bulus da wannan likita, ya jiƙan Inna.

Shawarata: kada ka karanta wa kanka sakamako guda ka yanke ƙauna. Jira ya cika, ka zauna da wanda ya san yadda ake haɗa shi.

Maza kuma, ku riƙa duba kanku wajen wanka, ku ajiye kunya a ƙofar asibiti. Likita bai yi minti biyar yana duba ni ba. Ni na yi wata bakwai kafin in yarda in kwance mazagi.