Lambun da Haladu Ya Kwafo Daga Littafi

Duk wanda ya yi makarantar nan ta kwana da ke tsakanin Gwarzo da Kabo kafin zuwan Shari'a, in ka ambaci Haladu Gadina, mai kula da lambun makarantar, sai ka ga ya yi murmushi. Mutumin Durun ne, gajere, mai faɗan tsiya a kan shuka, ga shi ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Amma yana da ƙaton littafin Turanci mai koren bango, yana yawo da shi a jakar fata sai ka ce wani shehin malami.

Wani malamin kimiyya ɗan Pakistan ne ya ba shi. Tarihin lambunan sarakunan ƙasashensu ne da gwanayen da suka tsara su. Haladu ba ruwansa da rubutun, hoto ɗaya ne ya tafi da hankalinsa: fili an raba shi gida huɗu da magudanan ruwa, can ƙarshe ga farin gini mai ƙubba. Malamin ya gaya masa da guntuwar Hausarsa cewa koramun Aljanna masu tsarin suka kwaikwaya. Shi ke nan fa, an gama da Haladu. Shekara uku ya yi yana fitar da tsarin hoton nan da shuke-shuke a gaban ofishin makaranta, har ya zama ba ɗalibin da zai gama bai ɗauki hoto a cikin fulawarsa ba. Kai, wurin ya yi kyau a lokacin, ƙamshi tun daga bakin ƙofa.

Sai ga zamanin ostariti, wato tsuke bakin aljihu. Naira ta faɗi, malamin ya tattara ya koma gida, injin ruwa ya mutu ba mai gyarawa, fulawa ta bushe ƙurmus. Da wani ne, da ya watsa masara ya huta. Haladu ya ƙi. Ya bi layukan nan da lalle, ya cika gidajen huɗu da zogale da rama da yakuwa da gwanda, yana ɗebo ruwa a kan jaki daga rafi. Matan malamai suka rufa wa tukwanensu asiri da lambun nan, kuma bai taɓa hana kowa tsinka ba, sharaɗinsa ɗaya ne, a bi hanya kada a taka shuka. Matarsa Uwaliya takan ce lalle ma ya fi ta samun gaisuwar safe.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, Haladu na cikin waɗanda suka yi murna. Ɗan masallacin makaranta ya daina ɗaukar jama'a, aka kafa kwamitin gina babba, kwamiti kuwa bai ga shimfiɗaɗɗen wuri kamar lambun ba. Nan tsoho ya shiga tsaka mai wuya. Wa zai buɗe baki ya ce kada a gina ɗakin Allah? Sai ya yi dabara, ya saɓa jakarsa ya nufi zaman kwamitin, da niyyar nuna musu cewa lambun ma na addini ne, a duba wani fili.

Shugaban makarantar, Malam Ja'afaru, tsohon ɗalibi ne, shi ma yana da hotonsa a cikin fulawar. Ya karɓi littafin da hannu biyu, ya karanta abin da ke ƙarƙashin hoton, sannan ya ɗago kai.

"Baba Haladu, ka san wannan farin ginin?"

"Masallaci ne mana, ranka ya daɗe."

"Kabari ne, Baba. Kushewar wani sarki ce aka yi wa wannan ginin."

A lokacin kuwa ba abin da masu wa'azi suke suka kamar gini a kan kabari. Ba wanda ya yi masa faɗa, ba wanda ya yi dariya. Shekara ashirin da wani abu yana shayar da farfajiyar kabari bai sani ba. Ya rufe littafin, ya roƙi kwana uku kawai don mata su tsinke lallen. Da aka fara gini, jakinsa ne ya riƙa kawo wa magina ruwa.

Ya yi shekara shida yana salla a masallacin kafin ya rasu, bai taɓa fashin jam'i ba. Sai dai akwai abin da mutane suka ɗauka rikicin tsufa ne. In ya shigo ba ya yankewa kai tsaye zuwa sahu. Sai ya miƙe har tsakiyar masallaci, ya karya dama, ya sake miƙewa, yana rakuɓewa a kan shimfiɗaɗɗen siminti. Tsofaffin ɗalibai ne kawai suka gane, tsohuwar hanyar lambun yake bi don kada ya taka shuka.