Makarar Lukmanu Jambo

Duk wanda ya taɓa sayen nama a kasuwar Yalwa ta garin Garuwa ya san Lukmanu Jambo. Mahauci ne ɗan mahauta, kuma Allah ya ba shi jiki ba ƙaramin ba. In ya tsayar da mai babur, sai mutumin ya saci kallon tayarsa ta baya, ya ce wallahi mai ya ƙare. Takalmi kuwa sai dai a yanka masa, don na kanti ko yatsunsa ba sa ɗauka.

Jambo ba sunan yanka ba ne. Bertrand ne ya laƙaba masa, wani ɗan Bamenda da ke sayen ganda a wurinsa yana aikawa kudu. Ranar da ya fara ganin Lukmanu da cinyar bijimi guda a kafaɗa ɗaya, sai ya riƙe baki ya ce, "Jambo!" Lukmanu ya ajiye naman, ya tambaye shi ko zagi ne. Bertrand ya ce ko kusa, Ingilishi ne, haka suke ce wa duk abin da girmansa ya wuce misali, jirgin sama ne ko kwalin sabulu. Asali sunan wani toron giwa ne da aka kama wajen Sudan, aka kai Turai jama'a suna tururuwar kallo.

"Da ya mutu ma ba su ƙyale shi ba, patiron," in ji Bertrand, wato maigida a Faransanci. "Fatar suka cusa wa ciyawa suka tsayar, aka ci gaba da kallo."

Lukmanu ya yi dariya har teburinsa na girgiza, suna kuma ya bi shi. Shekara da shekaru ana tsokanarsa, bai taɓa ɓata rai ba. Shi ma yakan fara ba'ar kansa kafin wani ya riga shi.

Rasuwar yayansa Saleh ce ta canja shi. Saleh ma haka Allah ya yi shi, har ya ɗan ɗara ƙanen tsawo. Da aka ɗora shi a makarar masallacin unguwa, ƙafafunsa suka leƙo waje. Ba a kai bakin titi ba katakon ya yi ƙara ya tsage, dole aka sauke gawa a ƙasa aka nemo amalanken 'yan gawayi. A nan ne wani ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta kuɓuce masa, wani kuma ya ɗaga waya yana ɗauka. Lukmanu ya ji, ya gani. Abin ya ci masa rai fiye da yadda baki zai faɗa, ya ƙudura shi kam ba za a yi kallonsa ranar tafiyarsa ba.

Da ya ce zai sa a ƙera masa makara daidai jikinsa, matarsa Halime ta fara ƙin maganar. "Haba maigida, mutum da ransa da lafiyarsa ya je a yi masa makara? Kiran me kake yi mana?"

"Zuwa za ta yi ko ban kira ba," ya ce. "Amalanke ne ba zan hau ba."

Limamin unguwa, Malum Abdulƙarim, ya ce makara ɗaya ce ke ɗaukar kowa tun zamanin iyaye, ba a ware wa wani tasa. Lukmanu ya durƙusa, abin da ke yi wa gwiwoyinsa wuya, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ba ta ɗauki Saleh ba." Liman ya yarda, amma ya ce a ajiye ta a masallaci ta zama ta kowa.

Patrice mai walda, mutumin Kayele, ƙofofi da gadaje ya saba yi. Da ya ji aikin, har ya ɗauka wasa ne, sai da ya ga ƙaton mutum ya cire hula ya miƙe a ƙasa cikin guntayen ƙarfe yana cewa, "Misye, auna, ka ƙara wajen ƙafa."

Da aiki ya kammala, Lukmanu ya ce bai yarda da ƙarfen da ba a gwada ba. Bayan la'asar ya tara abokan sana'arsa a ƙofar shagon Patrice, ya hau ya kwanta, ya ce su ɗauka. Suka yi cirko-cirko. Brahim, wanda suke yanka tare tun suna samari, ya ce, "Kai Jambo, ka ji tsoron Allah!"

"Shi nake ji. Ɗauki."

Suka kama, suka yi nishi, ta tashi. Gwiwar wani ta yi ƙas, wani ya ce a kirawo motar auduga, sai dariya ta ɓarke, har masu shaguna suka fito. Suka kai shi ƙarshen layi suna tangaɗi, makara ko motsi ba ta yi ba, ƙafafunsa kuma suna ciki da sauran wuri.

Daga can sama muryarsa ta sauko. "Ku yi ta yi, ku ƙarar da dariyar yau ina ji. Ranar tafiyata ko tari ba na so."

Dariyar ta tsaya. Brahim ya sunkuyar da kai yana goge ido da kafaɗar riga, don hannuwansa biyu suna riƙe da ƙarfen, kuma ya ƙi saki.