Ranar da Na Tankaɗe Sharar Ofis

Akwai wata Talata da har yau ba ta fita raina ba. Tunda kun dame ni da tambayar abin da ya sa nake hana shara a ɗakin da aka buɗe murfin kwamfuta, to ku zauna ku ji.

A tsakiyar shekarun casa'in ne, lokacin da jam'iyyu suka yi yawa, yau yajin aiki, gobe wuta ta ɗauke. Ina aiki nan Tawa, a ofishin wani shirin gyaran rijiyoyi. Da tsintsiya na shiga wannan ofishi, kuma ba na ɓoyewa. Na haura shekara talatin ban iya rubuta sunana ba. Karatun manya na yi da yamma, daga nan na koyi keken rubutu, har aka zaunar da ni gaban kwamfuta guda tak da muke da ita. Muƙamina mai shigar da bayanai, ba na ƙasa da ni sai mai gadi. Sama da ni akwai shef ɗinmu, wato shugaban ofis, injiniya Isufu, wanda muke kira Mushe Isufu da bakin Faransanci, sama da shi kuma sai manya na Yamai.

Ga yadda aikin yake. Ma'aikatanmu su bi karkara, Kalfu, Bambeye, har can wajen Takanamat, su dawo da takardu: sunan rijiya, zurfinta, ko ta rufta, waɗanne garuruwa da waɗanne makiyaya ke sha daga gare ta. Ni kuma in shigar. Shekara biyu ina wannan. Takardun kansu damina ta yi musu yoyo a magaza, ɗakin ajiyarmu, gara ta ƙarasa sauran. Disket ɗin, wato ƙananan faya-fayan da muka adana kwafi a ciki, zafi ya lalata su, na roƙi sababbi har na gaji. Saboda haka rajistar rijiyoyin nan kaf tana wuri ɗaya, cikin babban diski, wato rumbun da ke cikin kwamfutar. Ranar Asabar kuma za a zauna da masu gari da shugabannin makiyaya a zaɓi rijiyoyin da za a gyara kafin bazara ta tsananta. In ba rajista, mai ƙarfin baki da wanda ɗan jam'iyyarsa ke sama su za su kwashe.

Ranar Litinin aka kawo mana saƙo daga Yamai: na'urar karanta faifan sidi, da faifai mai taswirori, da disket ɗaya, da ɗan littafi. Takardar da ta zo tare da su ta ce a jira teknisiye, mai gyaran kwamfuta. Mushe Isufu bai jira ba. Bayan na tashi aiki ya ɗauki sukurdireba ya buɗe kwamfutar.

Da safen Talata na kunna, allo ya tsaya baƙi, da layi ɗaya yana cewa bai ga diski ba. Na kashe, na sake kunnawa. Haka.

Na sami Mushe Isufu a ofis. Na ce, "Shef, mi kay yi wa kwamfuta?"

Bai ɗago ba. "Madam Rabi, a yi gaisuwa tukun."

"Ina kwana. Mi kay yi mata?"

Ya ce ƙaramar matsala ce. Ya nemi teknisiye a waya, an ce suna yajin aiki. Don haka ya yanke shawara: motarmu za ta tafi Yamai da la'asar, a sa kwamfutar ciki.

Ku yaran yanzu ba ku san Yamai ta lokacin ba. Kwamfuta in ta je can, ba mai zama ya lallashe ta. Wanke diskin suke yi tas, su zuba sabon shiri, su dawo maka da ita tana sheƙi, ba komai ciki.

Na ce, "Ba ta zuwa ko'ina."

Nan ya ɗago. "Ke kika zama shef? Abin da injiniya bai gane ba, ke za ki gane? In aikin ya yi miki nauyi, tsintsiyarki tana nan inda kika baro ta."

Maganar ta soke ni, amma ban da lokacin kuka. Na ce ya ba ni zuwa la'asar. In na kasa, ya rubuta mini takardar neman bayani, ya kore ni, ni da kaina zan ɗora kwamfutar a mota. Ya ce ya ji.

Na cire wuta, na ɗage murfi. Ban taɓa ganin cikinta ba sai ranar da wani teknisiye ya zo, shekara guda kafin nan, ni kuma ina tsaye kansa ina kwafe komai cikin kaye, littafin rubutu na 'yan makaranta, yadda malamarmu ta karatun manya ta saba mana. Na buɗe kayen. Diski da sabuwar na'urar suna rataye ga waya guda, faffaɗa kamar ɗamara. Na zare na'urar, na bar diski shi kaɗai yadda yake da, na kunna. Na kara kunne, ina jin shi yana juyawa, sautin nan da na sani. Yana da rai. Amma allo ya ce bai gan shi ba.

Sai na duba bayan diskin da kyau. Akwai wasu 'yan ƙusoshi jere, kuma a zanen da ke kayena akwai wani ɗan baƙin abu da ke haɗa biyu daga cikinsu. Kabaliye sunansa, bai kai ƙwayar wake ba. Shi ke faɗa wa kwamfuta wane ne na gaba, wane ne na biye, in na'urori biyu suka haɗa waya. A diskin babu shi. A sabuwar na'urar ma babu.

Na koma. "Shef, ina 'yan baƙaƙen nan?"

Ya ce ya cire su don ya musanya, ya rasa yadda suke, ya aje bisa tebur.

Teburin kuwa Baba Algabit, mai gadinmu, ya goge shi tun da sassafe, ya share ɗakin, ya zubar a juji bayan ofis. Duk Tawa ban san inda ake sayar da irin abin nan ba.

Na tsallaka gidan maƙwabta na aro rariya. Na ɗauko tsintsiya, wadda dai aka yi mini gori da ita, na tattara saman jujin, na shimfiɗa ɗankwalina, na durƙusa. Rana ta take. Rairayi, ƙarangiya, kashin awaki, guntun sigari. Kowane baƙin abu sai gabana ya faɗi, in murza, ya zama gawayi.

Baba Algabit ya durƙusa kusa da ni. "Ɗiyata, zinariya ta ɓace?"

"Rijiyoyi sunka ɓace, Baba."

Bai gane ba, amma ya shiga tonawa. Direban motarmu ya leƙo ya ce, "Madam ta koma tsohon aiki ke nan?" Na ce ya je ya duba tayoyinsa kafin in tankaɗe shi shi ma. Aka kira azahar, na yi salla a gurguje, na dawo. Direba ya fara ɗaura kaya bisa mota. Na soma lissafa abin da zan gaya wa mutanen Takanamat, waɗanda suka bi ma'aikatanmu rijiya rijiya cikin rana suna nuna musu.

Wajen ƙarfe uku ya tsaya cikin rariyar, ɗan baƙi mai kusurwa huɗu. Na murza, bai murmushe ba.

Yatsuna sun yi masa kauri. Baba Algabit ya ciro hantsakin cire ƙaya da ke rataye a wuyansa ya miƙo mini. Da shi na kama kabaliyen, na busa masa iska, na dasa shi inda zanena ya nuna. Na yi bisimilla na kunna. Allo ya yi ƙyaf-ƙyaf, sai ga harafin C, alamar ta ga diskin. Na buɗe rajista. Kalfu na nan. Bambeye na nan. Na zauna ƙasa ina hamdala.

Na biyun Baba ya gano shi, ya maƙale cikin tsintsiyar.

Ina jin mutum tsaye bayana. Mushe Isufu ne, riƙe da ɗan littafin. Ya ce wa direba ya tafi kawai, a bar kwamfutar. Sannan a hankali ya ce, "Saura taswirori."

Domin kabaliye kaɗai ba ya sa kwamfuta ta karanta faifai. Sai an sa mata pilot, wani ɗan shiri da ke yin tafinta tsakaninta da na'urar, shi ne ke cikin disket ɗin da aka aiko. Ana kwafe shi cikin diski, a rubuta layi guda cikin CONFIG.SYS, wani layin cikin AUTOEXEC.BAT, fayiloli biyu da kwamfuta ke fara karantawa in ta tashi. Sunan da ka ba na'urar a na farko, shi za ka maimaita a na biyu, harafi da harafi.

Na ce, "Ba mu taɓa komi sai na kwafe tsofaffin layukan." Ya tsaya ya jira ina rubutawa da biro. Muka sa na'urar a matsayin ta biye. Shi ke karantawa, ni ke bugawa. Karon farko ta ƙi, ta ce ba ta san na'urar ba. Na bi layin da yatsa, na ga sifili ɗaya ya ɓace a suna na biyu. Ya duba littafin ya ce, "Ni na tsallake shi." Ban taɓa jin ya faɗi irin wannan ba. Muka gyara, muka kunna, harafin D na sabuwar na'urar ya fito, taswirar yankinmu na Adar ta buɗe.

Ranar Asabar da rajista aka yi zaman. Wani mai gari ya so ya yi hayaniya, aka karanta masa zurfin rijiyarsa da ranar da aka auna ta, ya koma ya zauna. Mushe Isufu bai ba ni haƙuri da baki ba, ni ma ban nema ba. Amma da mota ta dawo daga Yamai na tarar da kwalin disket bisa teburina.

Abin da na koya, a aikin nan mai digiri da mai tsintsiya duk hannu ɗaya na'ura ta san su da shi: wanda ya duba kafin ya taɓa, da wanda bai duba ba. Saboda haka kafin ku cire komai, ku zana yadda kuka same shi. Abin da kuka cire, ku sa cikin kofi. Kuma kada wanda ya shigo mini da tsintsiya sai an mayar da murfi.