Ɗakin da Kaka Ya Nutsar Cikin Ƙasa

Shekara ashirin ke nan da rasuwar kakana, Malam Amadu, mai haƙar rijiya a Babankatami. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don ban tabbata ina da bakin yin maganarsa ba.

Ba a san ainihin shekarar da ya gina ɗakinsa ba. Wasu na cewa kafin yaƙin Turawa na biyu, wasu na cewa ana cikin yaƙin. Abin da aka haɗu a kai shi ne, tun yana saurayi ya lura da halin ƙasan rijiya: da bazara ya tarar da sanyi, da ɗari ya tarar da ɗumi. Sai ya haƙa rami a gidansa, ya tayar da bango mai kauri a bakinsa, ya rufe, ya ɗaga dokin ƙofa saboda ruwan damina. Bai auna da igiya ba. Da tafin ƙafa yake gwada ƙasar, rani da ɗari, yana ƙara haƙa, har ya kai inda ya ji ta daina sauyawa.

Mutanen gari suka raɗa wa ɗakin suna Kushewa. Kakata ta ce ba ta shiga kabari da ranta, kuma ba ta shiga ba. Shi kaɗai ya yi ta ƙailula a ciki har tsufa. In na je gaishe shi, ina ɗan makaranta a lokacin, yakan ce, "Sauko, ɗan lakkwal, mi kaka tsoro? Ƙasa ba ta cin mai rai." Ni kuwa daga bakin ƙofa in ce tsoho ya ƙosa ya tafi. Wasan jika da kaka ne, amma yau ban san ko yana yi masa ciwo ba.

Sai da na yi karatun injiniya a Yamai na san akwai ƙasashen da ake binne bututu a ƙarƙashin gida, ruwa na zagayawa ciki, yana kwaso sanyin ƙasa lokacin zafi, ɗuminta lokacin ɗari. Ba zan ce daidai yake da na Kaka ba, tunda akwai famfo da lantarki. Amma ina jin tushen ɗaya ne. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Shi daga ƙasan rijiya ya hango nasa. Da yana nan, wataƙila tambaya ɗaya zai yi: sun taka ƙasar kafin su binne?

Bara Baba Issufu, ƙanen mahaifina da ke riƙe da gidan, ya kira ni a waya. Yana so ya cike ramin ya yi ɗakin siminti da rufin tol, wato kwano. "Kai da kay yi boko, hwaɗa mini, akwai amfani ga ramin ga?" Na ce mai yiwuwa akwai, amma sai na zo da na'ura na auna, kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Ya ce, "To, madalla."

A wajenmu jika ba ya fitowa fili ya ce aikin kakansa banza ne, kewaye-kewaye yake yi. Haka Baba ya fassara maganata, ya ɗauka cewa nake ramin ba shi da amfani. Da na iso bayan wata biyu, an cike, an rufa. Na zauna a sabon ɗakin da azahar, gumi na zuba, na'urar tana cikin jakata.

Rijiyoyin Kaka har yau ana shan ruwansu, ko da masu ja ba su san sunansa ba. Wannan aikin nasa ya tsira, Allah ya sanyaya masa makwanci. Ɗakin kuwa na so in sake gina irinsa a filina, sai na bi dangi ina tambayar zurfin. Baba ya ce iya ƙugu. Gwaggo ta ce iya ƙirji. Ashe a cikinmu duka babu wanda ya taɓa sauka.