Haruna da Barewar da Ba Ta Zuwa Mashaya

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa ƙasa Ya bambanta sassanta, Ya ba mutanen kowane sashe sanin da bai ba waɗansu ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bana shekara arba'in da biyu ke nan da muka binne Haruna a wata maƙabarta da ke gefen Alƙahira. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa sadaka in kama bakina. Bana ba zan kama ba. Ƙarfina ya tafi, ganina ya raunana, kuma akwai maganar da danginsa suke da haƙƙin ji daga gare ni tun ina numfashi, musamman wansa, Yaya Mamman, wanda har yau idan na je garinsu yakan tashi daga kan buzunsa ya ce in zauna.

Mun haɗu da Haruna a ƙarshen shekarun saba'in, muna ɗalibai masu tallafin karatu, ɗakinmu ɗaya a unguwar Abbasiyya ta Alƙahira. Shi ɗan Sarkin Baka ne daga wani ƙauye a ƙasar Bauci, kuma shi kaɗai mahaifinsu ya cire daga farauta ya ba karatu. A wajen ilimi ban ga mai ladabinsa ba. Ba ya buɗe littafi sai a gaban malami, ko da littafin shafi ashirin ne. Amma da zarar an ambaci daji, sai ka ga wani mutum dabam ya zauna a gabanka, wanda ba ya karɓar gyara daga kowa.

A shekararmu ta ƙarshe wasiƙa ta zo masa daga gida. A ƙasanta Yaya Mamman ya sa an rubuta: "Malam, in ka dawo za mu ɗora ka a kan jaki mu kai ka daji mu nuna maka gada, kada ka ganta ka zaci akuyar wani ce." Haruna ya yi dariya har da hawaye. Sai dai bai jefar da wasiƙar ba. Bayan kwana biyu ya gaya mini ba zai koma gida ba sai da ƙahon barewar hamada, wadda ya harba da hannunsa.

Mako uku muka yi ana shiri. Ya ari bindiga wajen wani abokin karatunmu Bamisire. Muka je kasuwar Ataba ya sayi jarkoki biyu, da igiya, da dabino. Abu ɗaya ne ya rage bai yanke ba: ya ɗauki jagora daga mutanen hamada, ko ya shiga shi kaɗai. Ba tsadar jagora ce ta dame shi ba. A gidansu, dabbar da wani ya nuna maka ta wanda ya nuna ce, kai ka riƙe masa bindiga ne kawai. Ƙahon da aka samo da jagora ba zai rufe bakin Yaya Mamman ba.

Duk da haka ya yarda mu je kasuwar raƙuma ta Imbaba, inda aka kwatanta mana wani tsoho, Ammu Salim, wanda ya san hamadar gabas tun yana yaro. Muka same shi a tsugune yana shan shayi. Ya saurari Haruna har ya gama, sannan ya ce, "Ruwan kwana nawa za ka ɗauka, ɗana?"

"Na kwana uku," in ji Haruna. "In ya ƙare, sawun barewa zai kai ni mashaya. Haka muke yi a ƙasarmu."

Tsohon ya ajiye kofinsa. "A ƙasarku. Tamu ba ta zuwa mashaya. Ganyen ƙaya take ci, ta lashi raɓar asuba. Wata takan haihu ta tsufa ba ta taɓa sa bakinta a ruwa ba. In ka bi ta, za ta kai ka inda ita take rayuwa, kai kuwa ba ka iyawa."

Muka shiga motar komawa ni da Haruna, muka haye kogi. Na san maganar ta shige shi. Can ya juyo ya ce, "Malam Isa, kai me ka gani? In ka ce in ɗauke shi, khalas, shi ke nan, na ɗauke shi, ko da Yaya Mamman zai yi shekara goma yana yi mini dariya."

Wannan ita ce maganar da na ɓoye. Danginsa sun ɗauka na hana shi ya ƙi ji. Ba haka aka yi ba. A lokacin ina ɗan shekara ashirin da shida, ni ne gwanin ajinmu a manɗiƙi, wato ilimin gina hujja, kuma raina ya ɓaci domin tsohon ko kallona bai yi ba. Na jawo aya mai tsarki a kan ruwa da masu rai, na ajiye ta inda ba wurinta ba. Na gina masa hujja daki-daki, cewa kowane mai rai yana bukatar sha, barewa kuma mai rai ce. Na ƙara da cewa mutumin ko harafi bai sani ba, aiki yake nema. Haruna ya saki fuska, ya dafa gwiwata ya ce, "Allah Ya ƙara ilimi, ya Shehu. Yau ka sauke mini kaya."

Ya tafi bayan sallar asuba, ya bi wata motar ɗaukar dutse a hanyar Suwais. Ni na tafi darasi.

Da kwana biyar suka cika babu shi, na koma Imbaba. Na yi zaton Ammu Salim zai ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Ya dube ni, a karon farko, ya miƙe ya ce, "Yalla, mu tafi." Direban motar dutsen ya nuna mana inda ya sauke Haruna, daga nan tsohon ya riƙa karanta ƙasa kamar yadda malamanmu suke karanta matanin littafi. Nan ya kwana. Nan ya harba bai samu ba. Nan ya jefar da jarka ta farko. A bakin wani kwari ya tsaya ya daɗe, sannan ya nuna mini da sandarsa. Ya ce a nan ruwansa ya kusa ƙarewa, ga inda ya tsaya yana juyawa. Hanyar mota tana bayansa, tafiyar yini ɗaya. Sawun barewa yana gabansa, sabo. Ya zaɓi sawun.

Mun same shi a gindin wata ƙaya, inda barewa suke kiwo. Ya haƙa rami da wuƙarsa har iya gwiwar hannu, busasshe. A ƙarƙashin dutse, inda iska ba ta kaiwa, akwai shaidar tafukansa biyu a kan rairayi, ta taimama, da gurbin goshi yana fuskantar alƙibla. Tsohon da na ce bai san harafi ba shi ya rufe shi da mayafinsa, shi ya ɗora shi a kan raƙuminsa, ya tako da ƙafa.

Nakan tambayi kaina abin da Haruna zai ce da ya ga zamanin nan. Jikokina suna nuna mini taswirar duniya a waya, kowane kwari da sunansa. Ina jin da ya yi murna da ita, sannan ya tambaye su wa ya taka wurin da ƙafarsa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne yawan masu irin halina na wancan yini. Yaro ya haddace matani biyu, a tambaye shi magani ya amsa, a tambaye shi noma ya amsa, kowace amsa da ayarta. Nassi gaskiya ne, babu kokwanto. Kuskuren yana wajen wanda ya ɗauke shi ya rufe bakin mutumin da Allah Ya sanar da shi abin ta hanyar gani da daɗewa. Na yi shekara talatin ina karantarwa, ɗalibaina suna mamakin yawan faɗina "ban sani ba, je ka tambayi masu abin." Suna ɗauka tawali'u ne. Ba su san inda na koyo shi ba.

Da na kawo kayansa gida, Yaya Mamman ya riƙe hannuna yana kuka, yana cewa wasiƙarsa ce ta kashe ƙaninsa. Ya ce, "Na san ka yi iya yinka, Malam. Taurin kan gidanmu ne." Na sunkuyar da kai. Na bar shi ya ɗauki nauyin laifin shi kaɗai shekara arba'in da biyu, alhali da kalma ɗaya zan iya karɓar rabona.

Ajali ba ya gaba ba ya baya, na yi imani da haka. Amma imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa mai ba da shawara amanarsa ba. Haruna bai bar ɗa ba, bai bar littafi ba. Abin da ya bari shi ne shaidar da zan bayar a gaban Allah: ba mai taurin kai ba ne. Ya ji gargaɗi, ya girgiza, ya nemi shawarar wanda ya amince da iliminsa, ya bi. A ranar da ya fi bukatar a ce masa ya saurara, ya kasance a shirye ya saurara.

Yaya Mamman, na san jikanka yakan karanta maka wannan shafi na jarida. Wasiƙarka wasa ce tsakanin wa da ƙani, kuma ya yarda ya jure dariyarka. Ni na mayar da shi kan ra'ayin shiga hamada shi kaɗai. Ranar Juma'a, in Allah Ya kai mu, zan zo. Kada ka tashi daga kan buzunka. A ƙasa zan zauna, in ji abin da za ka ce.

Allah Ya jiƙan Haruna, Ya shayar da shi daga tafkin da ba a ƙishi bayansa. Ya jiƙan Ammu Salim. Kai kuma mai karatu, Allah Ya tsare ka da iyalinka, Ya haɗa ku da masu faɗa muku gaskiyar abin da suka sani, su yi shiru a kan abin da ba su sani ba. Amin.